Motar da Malam ya wanke a takarda ba ita muke hawa ba

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi kwanakin baya kan wankin injin mota, inda ya caccaki masu hana yaran wurin wanki buɗe musu bonet. A cewarsa wannan tsoro gado ne daga zamanin Fijo 504, lokacin da ɗan ruwa kaɗan a cikin distiributa ke iya tsayar da mota a tsakiyar titi. Motar yau, in ji shi, an toshe mata kowace kafa tun daga kamfani, tana ratsa ruwan sama da kududdufi ko tari ba ta yi, don haka a bar yaro ya saki bindigar ruwa a kan inji son ransa, a ma bar injin a kunne don zafinsa ya busar da shi. Ya ƙara da cewa haka yake yi wa tasa motar shekara da shekaru, ba ta taɓa kwana a gareji saboda wanki ba.

Rubutun ya yi daɗin karatu, kuma abin da ya sa ya dame ni ke nan, domin mutane da yawa za su ɗauke shi su tafi da shi wurin wanki ranar Juma'a da safe. Malam mai rubutun bai yi ƙarya kan abin da kamfanoni ke yi ba. Inda ya zame shi ne motar da ya siffanta sabuwa ce dal, jiya ta bar kamfani, mu kuwa abin da akasarinmu ke hawa daban ne.

Gaskiya ne ana gwada kayan lantarkin mota da ruwa, akwai ma ƙa'idar ƙasa da ƙasa a kan haka, ISO 20653. Kayan da aka rubuta wa IP67 an tsoma shi a ruwa mai zurfin mita 1 na tsawon minti 30 bai sha ba. Wanda aka rubuta wa IP69K kuwa an fesa masa ruwa mai zafin digiri 80 da ƙarfin bar 80 zuwa 100, daga nisan santimita 10 zuwa 15, daƙiƙa 30 ta kowace kusurwa. To amma waɗannan jarrabawa biyu ne daban, cin ɗaya ba ya nufin cin ɗayar, kuma ba kowane abu da ke ƙarƙashin bonet ne ya ci ta biyun ba. Altaneta ma a buɗe aka ƙera ta da gangan, don iska ta ratsa ta sanyaya ta. Sannan duk gwajin nan a kan sabon kaya ake yin sa, robarsa na da laushi, maƙullin soket ɗinsa na kamawa ƙas. Injin wanki na kasuwa yana kaiwa bar 100 zuwa 150. Iskar da mai faci ke ba tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da 'yan kai ba, wato ruwan da ke fita daga bakin bindigar nan ya ninka ta fiye da sau 40. Yaron da ke riƙe da ita kuma ba ya auna santimita, ba ya ƙirga daƙiƙa. Inda ya ga maiƙo ya ƙi fita, nan yake ƙara matso da bakin bindigar, wurin da maiƙo ya fi taruwa kuwa shi ne kewayen murfin inji, daidai inda koyil da soket-soket suke.

Yanzu Malam ya buɗe bonet ɗin Corolla ƙirar 2005 ko Accord ɗin nan da ake kira End of Discussion, irin waɗanda suka cika titunan Kano da Kaduna da Maraɗi. Mota ce da ta ba shekara 15 baya tuntuni. Ta gama rayuwa guda a Amurka ko Kanada ko Turai, wataƙila a yankin da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kafin ta sauka a Legas ko Kwatano ta soma ta biyu a hannunmu. Robar da ke cikin soket ta sha zafi da sanyi har ta ƙandare, wata ta tsage. Ka duba soket ɗin koyil ɗaya bayan ɗaya: da wuya ka sami huɗun duka da maƙullinsu, an karya su wajen canza fulogi, an ɗaure wani da siririyar waya, wani kuma tura shi kawai aka yi aka bar wa Allah. Murfin akwatin fiyus ya tsage ko ya ɓace. Robar da ke tare ƙasan inji, tun ranar da aka fara juye baƙin mai aka kwance ta aka jingine a bangon gareji. An cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda makanikanmu suka saba, an yanke waya an murɗe an naɗe da baƙin tef. An ƙara ham, an ƙara fitila, an sa na'urar bibiya saboda ɓarayi, kowanne da nasa yankan. In an taɓa sauke inji an ɗora na Beljiyam, to mai wayarin ya yi ɗinki a cikin babbar igiyar wayoyin kanta. Tun bayan cire tallafin fetur a 2023 kuma ga masu mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG, aikin da ke ƙara wata ƙaramar kwamfuta da wasu wayoyi da ake jonawa a jikin na nozul. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wani injiniya a Japan ya gwada da ruwa. Baƙin tef kuwa idan ya sha zafin inji na 'yan watanni gam ɗinsa narkewa yake yi ya saki, ya zama kwararo da ke tara ruwa a kan tagulla tsirara.

Hujjar ruwan sama ita ta fi jan hankali, ita ce kuma ta fi rauni. Ruwan sama da na kududdufi ta gaba da ta ƙasa suke shiga ɗakin inji, a matsayin feshi, bayan sun bugi lagireto ko taya sun rasa ƙarfi. Masu ƙira sun san da haka, shi ya sa suka ɗora koyil da akwatin fiyus a sama, a inuwar bonet, suka kifa murafe yadda leɓensu zai kalli ƙasa. Tamkar rufin kwano ne: zai tare maka ruwan Agusta komai ƙarfinsa, amma in wani ya tsaya a gindin bango ya harba ruwa sama ta ƙarƙashin leɓen kwanon, ɗaki zai jiƙe. Bindigar wanki ta sama take zuwa, ta gefe, ta ƙarƙashin leɓen murfi, ta duk inda damina ba ta taɓa biyowa ba. Kuma ba gaskiya ba ne cewa tafiyar Fijo 504 ta tafi da matsalar. A wancan zamani in ruwa ya shiga distiributa, direba zai ɓalle murfin ya goge da gefen rigarsa ya tayar ya wuce, asararsa minti goma. Yau abin da ruwan ke tararwa kwamfuta ce. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 ƙwaƙwalwar motar tana cikin gida, bayan akwatin gaban fasinja, amma a wadda ta biyo bayanta an dawo da ita ɗakin inji. Ta Fijo 406 ma a nan take, cikin wani akwatin roba. Wanda ya taɓa zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka neman ƙwaƙwalwar mota, ya biya kuɗinta, ya sake biyan mai kwamfuta ya daidaita ta da makulli, ya san ba aikin gefen riga ba ne. Golf 3 da ke jigilar mutane tsakanin garuruwanmu kuwa har yanzu da distiributarta, ga koyil da ya yi suna wajen tsagewa ya ƙi aiki da zarar ya ji danshi.

Sai batun cewa shi ya daɗe yana yi bai ga komai ba. Na yarda da shi, ban ce ya ƙirƙira ba. Wataƙila motarsa ba ta sha hannu ba, wataƙila yaron da ke masa wanki mai hankali ne. Amma akwai abin da wannan hujja ke ɓoyewa: ɓarnar ruwa a wayarin ba kasafai take bayyana a ranar wanki ba. Wadda ke bayyana nan take ita ce mai sauƙi. A injin zamani kowane fulogi yana can ƙasan wani dogon rami, koyil na zaune a kansa. Ruwa in ya kutsa ta ƙarƙashin robar koyil ya sauka ramin, ba shi da hanyar fita. Wutar da koyil ke aikawa tana kai bolt dubu 20 zuwa sama, kuma hanya mafi sauƙi take bi, sai ta bi ruwan ta faɗa jikin inji maimakon ta yi tartsatsi a bakin fulogi. Mota ta kama kakkarwa, fitilar inji ta kama. Ka zaro koyil ɗin ka haska ramin da fitilar waya, za ka ga ruwa ya kwanta a kewayen fulogin, launin shayi, robar koyil ta jiƙe har wuya. Wannan ana ganewa, ana busarwa, a wuce wurin.

Mai wuyar ita ce wadda ta shiga soket. Ruwan wanki a garuruwanmu na rijiyar burtsatse ne ko na 'yan garuwa, yana ɗauke da gishirin ƙasa, an kuma zuba masa omo. Irin wannan ruwa yana ɗaukar wuta. Idan ya zauna tsakanin ƙusoshin soket biyu, ɗaya na da wutar batir ko da mota a kashe take, sai ya soma cin ƙarfen a hankali, dare da rana. Robar nan da ta kasa hana shi shiga da ƙarfi, ita ce kuma za ta hana shi bushewa. Bayan makonni ka zare soket ɗin ka ga ƙusoshin sun yi wani kore-kore mai gari, ɗaya ta sirance har tana neman karyewa. Ruwan ma yana iya bin cikin silin waya ya yi tafiya zuwa wani wuri da ba a taɓa jiƙawa ba. Sensa kuwa da ƙaramar wuta take magana da ƙwaƙwalwa, akasari tsakanin bolt 0 da 5, ta salansa ma ba ta cika kaiwa bolt 1 ba. Ɗan tsatsa kaɗan ya isa ya sa ƙwaƙwalwa ta ji ƙarya. Mota ta fara shan mai, ko ta riƙa mutuwa a danja, ko giya ta riƙa fizga. Mai mota ya ce fetur ɗin da ya sha jiya ne ba shi da kyau. Bakanike ya canza fulogi, ya wanke nozul, ya canza famfon mai, a kashe kuɗi sau uku kafin wani mai wayarin ya gano soket ɗin. A lokacin wa zai tuna da wankin da aka yi wata biyu baya? Shi ya sa masu cewa ba su taɓa ganin illar wanki ba suke da yawa: an rubuta laifin da sunan gidan mai.

Shawarar a bar inji a kunne ita ce wadda nake roƙon Malam ya janye, ko da zai riƙe sauran. Altaneta mai juyawa zuƙar iska take yi, don haka za ta zuƙi ruwa da kumfa ta kai su kan burushinta da boris ɗinta. Inji mai aiki shi ma zuƙar iska yake yi, kuma in bututun iska ya tsage ko akwatin matatar iska bai rufu ba, abin da ba baƙo ba ne a motocinmu, ruwa zai iya bi. Fistin na matse iska, ba ya iya matse ruwa, in ya shiga da yawa sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Ƙarfen da hayaƙi ke fara bi in ya fito daga inji yana kai ɗaruruwan digiri, a kwara masa ruwan sanyi yana iya tsagewa. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: duk rufaffen abu mai zafi, soket ne ko sensa ko fitila, in aka sanyaya shi farat ɗaya iskar cikinsa tsukewa take yi, sai ya tsotsi ruwan da ke bakinsa da kansa. Ga fanka da ke tashi ba sallama alhali hannun yaro na kusa. Uwa uba, a wurare da yawa ba da ruwa ake farawa ba. Yaro zai huda murfin gora, ya cika ta da fetur ko kananzir, ya tsiyaya a kan inji don maiƙo ya saki. A yi wannan a kan inji mai zafi da ke aiki, kusa da koyil mai yoyon wuta, garin neman gira a rasa ido.

Inda muka haɗu da Malam shi ne inji na bukatar tsabta. Masu cewa kada a taɓa shi har abada su ma sun yi kuskure. Baƙin mai da ya daɗe a kan tiyo da robobin da inji ke zaune a kai yana kumbura su ya lalata su. Injin da ya yi dumu-dumu ba a gane inda yake yoyo. Ganye da tsumma da ɓera ya tara a lungu abincin gobara ne. Amma da ya ce ƙura ce ke sa inji zafi, ya haɗa abu biyu. Injin babur da aka yi wa haƙarƙari a jiki don iska ta sanyaya shi, wannan kam laka na cutar da shi. Injin mota ruwa ke kwashe zafinsa ya kai lagireto, kuma a can ne ƙurar hunturu da ƙwari da ledar ruwa ke toshe hanya, musamman tsakanin lagireto da na'urar sanyaya iska da ke gabanta. Wanda motarsa ke zafi, can ya kamata ya duba. Can ɗin ma bindiga ba ta dace ba, domin siraran haƙoran alminiyom ɗin nan kwantawa suke yi in ruwa mai ƙarfi ya buge su, a ƙara toshe abin da aka zo buɗewa. Tiyo marar ƙarfi, daga bayan lagireto zuwa gaba, ya wadatar.

Yadda nake ganin ya dace a yi ba wani abu ne mai tsada ba, lokaci kawai yake ci. A bari inji ya huce har mutum ya iya ɗora tafin hannu a kansa ya bar shi, shi ya sa safiya ta fi. A fara a bushe: yawancin dattin injinmu ƙura ce, iskar mai faci da busasshen buroshin fenti za su kore ta, alhali in an jiƙa ta ta haɗu da maiƙo laka take zama ta shige lungu. A cire kan batir na nagatib, a san kuma cewa wasu motoci, irin su Accord, rediyonsu zai nemi lambar sirri bayan an mayar, wasu kuma sai sun ɗan yi tafiya kafin silo ya daidaita. Cire batir ba ya hana ruwa shiga, yana dai hana wuta bin sa kafin ya bushe. A sa leda a rufe altaneta da akwatin fiyus da bakin shigar iska da ƙwaƙwalwa in a nan take, da distiributa in akwai, da duk inda aka ga baƙin tef, a ɗaure da roba. Wurin maiƙo a bi shi da maganin cire maiƙo na mota ko sabulun ruwa na wanke-wanke da aka tsarma, a jikin tsumma ko buroshi, a goge da hannu. Ban da omo, ban da soda mai cin hannu, domin tana cin alminiyom, kan injin zamani kuwa da shi ake yi. Ɗauraya da buta ko gorar feshi ta isa, ana zubawa daidai inda aka goge, ba a kan koyil ba. Kan batir da ya yi farin gari a wanke shi da bekin soda da ruwa kaɗan, a kula kada ya shiga cikin batir, a busar a shafa giris. Daga nan a sake bi da iska, a kwance ledojin duka, a ƙirga su, domin wadda aka manta a kan ƙarfen hayaƙi narkewa za ta yi. A bar bonet a buɗe a rana, abin da ba mu rasa ba, sannan a mayar da batir a tayar, a bar shi ya yi zafi.

Mai mota haibirid, irin Prius, ya ƙara da wannan: duk waya mai ruwan lemo da ya gani a ɗakin inji ɗaruruwan bolt take ɗauka. Tsumma mai ɗan danshi a kan murafe ya ishe shi, sauran ya bar wa wanda ya koyi aikin.

Ba na ganin laifin yaran wanki. A kan kowace mota ake biyansu, layi na jiransu, kuma mai mota ne ke tsayawa yana nuna lungu yana cewa nan bai fita ba. Mu muka koya musu cewa inji mai ƙyalli shi ne aiki, har suna ƙarasawa da shafa masa mai don ya yi sheƙi, man da gobe zai kama ƙura ninki biyu, in ya taɓa fanbel kuma ya sa shi santsi da ƙara. Dillalan mota sun fi kowa son wannan sheƙi, kuma ni in na je sayen tsohuwar mota na tarar da injinta fes kamar faranti, sai na ce a tayar a yi tafiya mai ɗan nisa a dawo in sake leƙawa, domin wanki na goge shaidar yoyo.

Wanda kuma ya riga ya bi shawarar Malam, ya fito daga wurin wanki mota na kakkarwa, kada ya ce bari ya taka ta a babban titi ta bushe. In fitilar inji tana ƙiftawa, ma'anarta fetur na fita ba tare da ya ƙone ba, yana zuwa ya ƙone a cikin tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, kuma zafin na iya narkar da cikinta. Ya tsaya ya kashe. A zaro koyil ɗaya bayan ɗaya, a busa ramukan da iska kafin a kwance kowane fulogi, don kada ruwan ya gangara cikin silinda. A goge robar koyil ciki da waje. A buɗe akwatin fiyus a duba ƙasansa. Duk soket ɗin da aka zare aka ga danshi, a fesa masa maganin wanke kan waya, a bar shi ya sha iska kafin a mayar, wanda maƙullinsa ya karye kuma a saya masa wani a wurin masu kayan Beljiyam tun kafin damina ta faɗi.